Yadda Ake Tsare Akurkin Kaji Daga Masu Ɓarna

Kaza ba ta da idon dare. Da zarar duhu ya sauka ta hau sandar kwana, ba gudu ba faɗa, yaro ma zai miƙa hannu ya ɗauke ta. Shi ya sa ɓarnar da ke share garke gaba ɗaya yawanci tsakanin faɗuwar rana da fitowarta take aukuwa, kuma a wannan lokaci kaza ba ta da wata kariya sai abin da aka gina mata. Masu karin magana sun ce ana muzuru ana shaho, wato ɗaya ta ƙasa ɗaya ta sama. Mai kiwo sai ya ƙara na uku, wanda ke haƙa rami ya ɓullo ta ƙarƙashi. Akurki fuska shida gare shi, bango huɗu da rufi da daɓe, kuma ko biyar sun yi ƙarfi, in ɗaya ta yi rauni ta nan za a shigo.

Fara da gane wanda ke maka ɓarna

Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, tsaya ka karanta abin da aka bar maka, domin maganin shaho ba ya hana tunku shiga.

In ka tarar da kaji da yawa a mace, a warwatse, an yayyaga su amma ba a ci ba, kare ne kusan kullum. Kare wasa yake yi da kisa, kuma da rana ma yana yi. In kaza ta ɓace ɗungurungum, sai ɗan gashi a bakin shinge ko sabon rami a gindinsa, ka zargi dila ko yanyawa, waɗanda ke ɗauka su tafi su ci a nesa, galibi da asuba ko da almuru. In gawar tana nan, an fige gashin ya taru wuri guda, an ci naman ƙirji, kuma da rana abin ya faru, shaho ne. Shirwa da hankaka sun fi ɗaukar 'yan tsaki, hankaka kuma yana fasa ƙwai. Wadda aka samu da safe babu kai babu wuya, a filin da ba rufi, mujiya ce ta fi yin haka.

Tunku da bodari da danginsu masu siririn jiki suna cizo a ƙeya ko a wuya, su kashe da yawa a dare ɗaya, su ci kaɗan. Kyanwa da muzuru sun fi ƙarfi a kan 'yan tsaki da matasan kaji, sukan bar fikafikai da ƙafafu. Ƙwai ya ɓace babu ko ɓawo, ko a samu ɗan tsako a mace kansa a jiƙe da yawu, maciji ne: ya gwada haɗiyewa ya kasa ya amayo. Ɓawo a farfashe, abinci na ƙarewa da wuri, 'yan tsaki na raguwa ɗaya bayan ɗaya, ga ƙananan ramuka a gindin bango, ɓera ko gafiya ke nan. Damo da guza ma suna shan ƙwai su haɗiye tsaki. A Amurka akwai wata dabba da ake kira rakun, mai yatsu kamar na mutum, tana zura hannu ta raga ta jawo kan kaza, tana kuma buɗe sakata mai sauƙi. In kuwa kaji sun ɓace babu gashi babu jini, ƙofa a rufe yadda ka bar ta, to mai ƙafa biyu ne, kuma nasa maganin kwaɗo ne da haske.

In alamun ba su fito sarai ba, ka share ƙasar da ke kewaye da akurkin da yamma, ka barbaɗa lallausan yashi ko toka faɗin kamu biyu, ka daidaita shi. Da safe sawu zai faɗa maka komai. Sawun kare da na dila yana nuna farce, na kyanwa ba ya nunawa domin tana ɓoye faratanta in tana tafiya, maciji kuma layi yake ja.

Wuri da girma

Kada akurki ya jingina da bangon da dabba za ta iya hawa ta diro, kada kuma reshen bishiya ya rataya a kansa, domin reshe matakala ce ga kyanwa, mazauni ne ga shaho. A share ciyawa da tarin itace da tsofaffin kwanoni aƙalla mita 2 ko 3 daga kowane gefe. Masu ɓarna ba sa son ratsa fili fetal.

Girman da aka saba bi shi ne kusan murabba'in mita 0.4 ga kowace kaza a ɗakin kwana, da murabba'in mita 1 a filin yini. Kaji goma ke nan suna buƙatar ɗaki mai mita 2 sau 2 da fili mai mita 2.5 sau 4. Wannan ya shafi tsaro kai tsaye: in wuri ya yi kaɗan, manya suna korar ƙanana, wadda aka kora ta kwana a bakin raga ko a waje, ita ce kuma ake fara ɗauka. Sandar kwana ta ba kowace kaza santimita 25, kuma ta yi nesa da kowace taga ko raga da aƙalla santimita 30, yadda abin da ya zuro hannu ko baki ba zai kai gare ta ba.

Raga: nan ne yawancin mutane ke faɗuwa

Ragar nan mai laushi, mai ido kusurwa shida, wadda ake kira ragar kaji, an yi ta ne don ta hana kaza fita. Ba ta hana yawancin masu ɓarna shiga. Wayarta siririya ce, an murɗa ta ne kawai ba a yi mata walda ba, kare yana yaga ta da haƙori, kuma in an ja ta da ƙarfi idon yana buɗewa. Idonta na santimita 2.5 ko 5 ƙofa ce buɗe ga ɓera da maciji da duk wata dabba mai siririn jiki, domin irin waɗannan in kansu ya wuce, sauran jikin ya wuce.

Wadda ake so ita ce ragar ƙarfe mai ido murabba'i, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa, aka kuma lulluɓe ta da tutiya don kada ta yi tsatsa. Idon ya zama rabin inci, wato milimita 13, kaurin waya geji 19 ko mafi kauri. A lura, a lissafin geji, in lamba ta ragu kauri ne ya ƙaru: geji 16 ya fi geji 19 kauri, geji 23 kuwa ya yi siriri. Wurin 'yan tsaki da tagogin ɗakin kwana sun fi dacewa da ido na milimita 6, domin ƙaramin ɓera yana wucewa ta ramin da bai fi haka da yawa ba, haka ma ƙaramin maciji. In da zaɓi, a ɗauki wadda aka tsoma a tutiya bayan walda, ita ce ke jimrewa a cikin ƙasa.

In kuɗi bai kai a rufe ko'ina da irin wannan raga ba, akwai tsari. Ɗakin kwana da duk kafofinsa su ne farko, ba ragi. Sai ƙasan shingen fili, daga ƙasa zuwa santimita 90. Daga nan zuwa sama ana iya sa ragar walda mai faɗin ido, muddin wayarta mai kauri ce kuma kaji ba sa kwana a filin.

Ga lissafin filin kaji goma. Kewayen mita 2.5 sau 4 mita 13 ne. Bango mai tsayin mita 1.8 zai ci murabba'in mita 23 da ɗoriya, rufi 10, shimfiɗar ƙasa da za a yi bayani a gaba kusan 7.5. Jimla 41, a ƙara kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari saboda ɗori da yanka, ya kama 45 zuwa 47. Naɗi ɗaya mai faɗin santimita 90 da tsawon mita 30 murabba'in mita 27 ne, ke nan naɗi biyu sun isa har a samu ragowar tagogi.

Yadda ake kafa ta

Raga mai kyau da aka kafa da sakaci daidai take da babu. Dabba ba ta cika yanke waya ba, gefe take nema ta ɓamɓare.

A kafa ginshiƙai kada tazararsu ta wuce mita 1.5 zuwa 2, kowanne ya shiga ƙasa santimita 50 zuwa 60. Katakon da zai taɓa ƙasa ya zama mai maganin gara, ko a yi amfani da bututun ƙarfe. A haɗa ginshiƙan da katako a kwance a ƙasa, a tsakiya, da sama, yadda kowane bakin raga zai sami abin da zai kwanta a kai.

Ragar ta zauna ta wajen katako, ba ta ciki ba. Kare in ya zo turawa yake yi, in ragar tana waje yana ƙara manna ta da katakon, in tana ciki yana cire ta daga ƙusoshinta. Ƙananan ƙusoshin nan na injin matse takarda ko na kujera ba sa riƙe komai. A yi amfani da sukuru mai tsawon santimita 3 ko 4 da faffaɗar washa, kowane santimita 15, ko ƙusa mai lanƙwasa irin ta shinge. Abin da ya fi duka shi ne a ɗora wani siririn katako a kan bakin ragar a ɗaure shi da sukuru, ragar ta zama a matse tsakanin katako biyu, babu bakin da farce zai kama.

Inda raga biyu suka haɗu, ɗaya ta hau kan ɗaya da santimita 5 zuwa 10, a ɗinke su da wayar ƙarfe kowane santimita 10. Igiya da maɗaurin roba rana tana cinye su, ɓera kuma yana gutsure su. A sa safar hannu wajen yanka, bakin ragar nan yana yanka kamar reza, a kuma tsince duk guntun waya da ya faɗi, domin kaza tana haɗiye abu mai ƙyalli ya huda mata ciki.

Ƙasa

Kare da dila da ɓera duk masu haƙa ne, kuma a gindin shinge suke farawa. Hanya biyu ce.

Ta farko, a haƙa rami mai zurfin santimita 30 zuwa 45 a bin shingen, a saukar da ragar ciki, a lanƙwasa ƙarshenta waje kamar santimita 15, a mayar da ƙasa a daddanne. Tana aiki, amma aiki ne mai wuya a ƙasa mai duwatsu ko saiwoyi, ragar kuma ta fi saurin ruɓewa a inda ba a ganinta.

Ta biyu ta fi sauƙi, kuma a ganin masu kiwo da yawa ta fi inganci. A yanko raga mai faɗin santimita 50 zuwa 60, a shimfiɗa ta kwance a ƙasa ta wajen shingen, a kewaye shi gaba ɗaya. Bakinta na ciki a lanƙwasa shi sama santimita 10 a ɗaure da katakon ƙasa ko a ɗinke da ragar bango. Bakin waje a kafe shi da turakun ƙarfe masu lanƙwasa kowane santimita 50, sannan a rufe da ƙasa ko tsakuwa kaurin santimita 5. Dalilin da ya sa take aiki: dabba in ta zo sai ta matso har jikin shinge sannan ta fara tono, tana tsaye a kan ragar da take son wucewa, kuma ba ta da dabarar ja da baya rabin mita ta sake gwadawa. Wurare biyu ake mantawa, kusurwoyi da bakin ƙofa. A kusurwa sai an yanko wani yanki an cike gurbin da shimfiɗu biyu suka bari. A bakin ƙofa, inda ƙafa ke zaizaye ƙasa, a zuba siminti ko a jera bulo a kan ragar.

Shimfiɗa ba ta hana ɓera, domin shi daga nesa yake fara raminsa. Ɗakin kwana kam sai daɓe. In a ƙasa yake, a zuba kankare kaurin santimita 7 zuwa 10, awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a ɗora layin bulo ɗaya ko biyu sannan katako ya hau. In ba za a yi siminti ba, a ɗaga ɗakin a kan ƙafafu santimita 45 zuwa 60, a yi masa daɓen katako mara rata. Mafi muni shi ne ɗakin katako da aka ajiye kai tsaye a kan ƙasa ko aka ɗaga shi ɗan kaɗan: wannan ɗan lungu mai duhu gidan ɓera da maciji ne, katakon kuma yana ruɓewa ta ƙasa ba ka sani ba. Inda kwarkwasa ke kai hari, a tsayar da kowace ƙafa a cikin gwangwani mai ɗan mai, a rufe samansa yadda kaji ba za su sha ba.

Sama

Fili mara rufi fili ne na rana kawai, kuma ko da ranar shaho na iya sauka. Rufin raga mai ƙarfi ko kwano yana tsare duka mai tashi da mai hawa. Kwano yana da ƙarin amfani, yana hana kashin tsuntsayen daji zuba a abincin kaji, hanyar da cututtuka irin su murar tsuntsaye ke bi. Sai dai kwano mai tudu da kwari yana barin kafofi a inda ya hau katako, kowace kafa ta isa ɓera. A toshe su da guntun raga a dunƙule ko da siminti.

In filin ya yi girman da ba za a iya rufe shi da ƙarfe ba, a shimfiɗa ragar zare mai idon santimita 5, a ja ta ta yi tsauri, a tokare tsakiyarta. Tana hana tsuntsu, ba ta hana kyanwa. A nan shingen ya kai mita 1.8, a lanƙwasa santimita 30 na samansa ya karkato waje, domin mai hawa ya kasa juyawa. Kajin da ake saki su yi kiwo kuma suna buƙatar mafaka kusa: gajerun bishiyoyi masu duhu, ko allo da aka ɗora a kan bulo tsayin santimita 40, yadda in zakara ya yi kukan gargaɗi kowace za ta sami inda za ta shige cikin 'yan taku.

Kada tsoron ɓarna ya sa a toshe iska. Kashin kaji yana fitar da wari mai ƙona ido da huhu, zafi kuma yana kashe kaza da sauri. A bar tagogi a sama, ƙarƙashin rufi, a ɓangarori biyu masu kallon juna, a rufe su da raga kamar yadda aka yi wa bango.

Ƙofa da sakata

Ƙofa ce ke motsi, don haka ita ce ke fara sakin jiki. Ratar da ke tsakaninta da katakonta kada ta wuce milimita 6. A buga siririn katako ta ciki a kewaye, ƙofar ta rufe a kansa, yadda ko ta ɗan kumbura ko ta motse babu kafa. Doguwar ƙofa mai sakata ɗaya a tsakiya tana lanƙwasuwa in an ja kusurwar ƙasa, kare kuwa nan yake sa hanci, don haka a sa biyu, sama da ƙasa. Ƙugiya mai shiga zobe da guntun katako mai juyawa a kan ƙusa ba sakata ba ne, girgiza kaɗan ke buɗe su. Ana son wadda sai an yi motsi biyu kafin ta buɗe: sakatar ƙarfe mai hujin da za a sa kwaɗo ko ƙugiya mai sifirin. Murfin akwatin ƙwai shi ma ƙofa ne, kuma shi aka fi bari ba kulle.

Ƙaramar ƙofar da kaji ke shiga, in mai zamewa sama da ƙasa ce, bakinta na ƙasa ya faɗa cikin kwari, kada a bar inda farce zai shiga ya ɗaga.

Duk wannan aiki banza ne in ba a rufe ba. Kaji da kansu suke shiga in rana ta faɗi. A jira su gama, a ƙirga su, a haska fitila a kusurwoyi da cikin akwatunan ƙwai, domin wani lokaci maciji ko tunku tun da rana ya shige ya ɓoye, sai ka kulle shi tare da su. Da safe kada a buɗe sai gari ya waye sosai, domin ketowar alfijir lokacin farautar dila ne. Akwai ƙofofi masu rufe kansu da agogo ko da na'urar gane haske. Suna taimakon wanda ba ya gida da yamma, amma ba sa ƙirga kaji, batirinsu yana mutuwa, shara kuma tana tokare su. Mai agogo sai an riƙa gyara lokacinta yayin da tsawon yini ke sauyawa, in ba haka ba za ta rufe kaji a waje.

Abinci shi ke gayyato baƙi

Tsabar da ta zube tana kiran ɓera, ɓera yana kiran maciji da kyanwa da tunku. Buhu da robar ajiya ba sa hana haƙorin ɓera, sai durom ko bokitin ƙarfe mai murfi. A ba kaji abin da za su cinye kafin yamma, a ɗauke mazubin abinci da dare, a share abin da ya zube. Mazubi mai murfin da ke buɗewa in kaza ta taka faranti yana rage asara sosai. A kwashe ƙwai kullum, sau biyu in da hali. Kazar da ta mutu a binne ta da zurfi, aƙalla santimita 60, nesa da akurki, ko a ƙone ta. Dabbar da ta ɗanɗani mushe a bayan shinge za ta dawo neman mai rai.

Gubar ɓera abin taka-tsantsan ce. Yawancinta tana hana jini daskarewa, ɓeran da ya ci yana kwanaki kafin ya mutu, yana yawo a galabaice, kaza ko kare ko mujiya su cinye shi su ma su kamu. Tarko ya fi aminci, a sa shi cikin akwati mai ƙaramin rami, a jikin bango inda ɓera ke bi, wurin da kaza da yaro ba za su kai ba.

Kaza mai kwanci da mai 'yan tsaki su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin a ƙasa suke kwana kuma uwar ba ta tashi ko me ya zo. Kada a bar ta ta yi kwanci a lungun da ta zaɓa wa kanta. A mayar da ita da ƙwanta da dare cikin keji mai ragar milimita 6 ta kowace fuska har da ƙasa, 'yan tsakin kuma kada su fita fili mara rufi sai sun kai mako shida zuwa takwas.

Wayar lantarki, kare, da kayan tsoratarwa

Inda karnuka ko dila suka matsa, waya mai bugun lantarki tana koya musu darasi. Ana amfani da na'urar da aka yi don shingen dabbobi, wadda ke sakin bugu gajere kusan sau ɗaya a daƙiƙa, da batir ko hasken rana. A ja waya ɗaya a tsayin santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, ta biyu a 30, ta uku kusa da saman shinge, duk a kan maƙalan roba, santimita 10 zuwa 15 ta wajen raga. Ƙarfin ya kai bolt 4,000 zuwa 5,000. Abu biyu ke kashe ta: ciyawar da ta taɓa waya tana janye wutar, da sandar ƙasa mara kyau. Ita wannan sandar ƙarfe ce da ake haɗawa da na'urar, a kafa ta aƙalla mita 1 a cikin ƙasa, in ƙasa ta bushe a riƙa jiƙa gindinta. Kada a kuskura a haɗa wayar shinge da wutar gida kai tsaye. Wannan yana kashe mutum.

Zakara mai lura yana hango shaho ya yi gargaɗi, amma da dare shi ma nama ne. Karen da ya tashi tare da kaji tun yana ƙarami yana korar baƙi da yawa, wanda bai saba ba kuwa shi ne zai fara cinye su. Mutum-mutumi, faifai masu walƙiya, rediyo, fitila mai kamawa in an gifta, duk suna aiki na kwanaki kaɗan har dabbar ta gane ba sa cizo. In za a yi amfani da su a riƙa sauya musu wuri, kada kuma a rage ko taku ɗaya na raga saboda su. Kashe mai ɓarna ma ba ya rufe ramin da ya shigo, wani zai gaje shi. Ƙasashe da yawa kuma sun haramta kashe shaho da mujiya, ga shi mujiya tana rage maka ɓeraye.

In an riga an shigo

Wanda ya ci jiya zai dawo yau. A nemo mashigar a toshe ta kafin dare, in ba a gano ta ba a kwashe kajin zuwa ɗaki mai ƙofa har sai an gano. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya shiga akurkin da tsakar rana ya rufe ƙofa ya duba inda haske ke shigowa, ko a ajiye fitila a ciki da dare a zagaya ta waje. Duk ramin da ɗan yatsa ya shiga, a rufe shi da raga ko kwano. Tsumma da kwali da kumfa ba toshi ba ne.

A duba kowace kaza, a ɗaga fikafikai a buɗa gashi, domin hujin haƙori ƙarami ne a ido amma yana da zurfi. Mai rauni a ware ta nan take, kaji in sun ga jini suna saran wurin har su kashe ta. A wanke raunin da ruwan gishiri, gram 9 a lita ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A yanke gashin da ke kewaye, a shafa aidin, a ajiye ta wuri mai ɗumi da ɗan duhu da ruwan sha, inda ƙuda ba zai sauka ya yi tsutsa ba. Raunin da ya huda ciki ko ƙirji, ko karaya, na likitan dabbobi ne. A sa safar hannu wajen taɓa gawa ko raunin da ke da yawun kare ko dila, saboda ciwon haukan kare, kuma kada a ci naman. Sauran kajin suna iya daina ƙwai na kwanaki ko makonni, wasu su ƙi shiga ɗakin, sai an riƙa ɗaukarsu ana sa su a kan sanda har su sake sabawa.

Bayan haka sai zagaye na mako-mako. A tura raga da hannu a kowane gefe a ji inda ta saki, a soka sukurdireba a katakon ƙasa a ga ko gara ko ruɓa ta shige shi, a duba hinji da sakata, a nemi sabuwar ƙasa da aka tono. Bayan ruwan sama mai ƙarfi a sake duba shimfiɗar ƙasa, domin ruwa yana kwashe abin da aka rufe ta da shi, yana kuma yin kwari a ƙarƙashin katako. Ragar da ke cikin ƙasa a tona wuri ɗaya ko biyu sau ɗaya a shekara a lanƙwasa wayar da filaya. In ta karye, a shimfiɗa sabuwa a kan tsohuwar, a ɗinke ta da ragar bango daga inda tsatsa ba ta kai ba.